Ƙofar Ragar Ɗakin Mama

Ranar da ya fara zuwa gidan, Auta na durƙushe a gaban gado tana goge wa Mama baki bayan ta gama ba ta shayi. Ta ji sallama daga baranda, ta ɗaga kai. Ta cikin ragar ƙofa ta fara ganinsa, dogo, siriri, da jakar kayan aiki a kafaɗa.

"Ni ne mai gyara. Baba ya kira shagonmu, ya ce ƙofa ta cije."

Auta ba ta amsa ba. Haka Allah ya yi ta, magana da baƙo nauyi take yi mata kamar an ɗora mata dutse a harshe. Ta tashi ta kama ƙofar da hannu biyu ta ja. Ƙofar ta yi ƙara, ƙiii, ta tafi rabi ta tsaya.

"To madalla," ya ce. "Tunda ke ba ki amsa ba, ita ta amsa."

Auta ta sunkuyar da kai don kada ya ga murmushinta.

Ƙofar raga ce mai zamewa gefe, irin wadda ke gudu a kan siririn layin ƙarfe. Tana tsakanin ɗakin Mama da baranda. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mama, ya tafi da hannunta na dama da maganarta, wannan ƙofar ta zama duniyarta. Ta nan iska ke shigo mata ba tare da sauro ba. Ta nan take kallon shanya da tsuntsaye. Da yamma Auta kan tura ta a keken guragu su fita baranda ta nan.

Mai Gyara ya gaishe da Mama har ƙasa, ya zauna a bakin ƙofar ya buɗe jakarsa. Ya fara da tsohon buroshin haƙori, yana share ƙasa da gashi da suka taru a cikin layin. Sannan ya ciro sukudireba.

"Zo ki gani, ko don wata rana," ya ce, bai kalle ta ba. "Akwai ƙananan tayoyi a ɓoye a ƙasan ƙofar, ɗaya nan, ɗaya can. Kin ga wannan ɗan sukurun? Idan kin murza shi dama, ƙofa za ta ɗaga. Idan kin murza hagu, sai ta sauka ta riƙa jan ƙasa. Taku sauka ta yi. Kaɗan kaɗan ake yi, a murza nan, a murza can, har ta tsaya daidai."

Auta ta tsaya nesa da shi tana kallo. Hannunsa take kallo, amma ta ji komai.

Da ya gama bai tashi ba. Ya ce ta matso da Mama kusa.

"Ni ba na barin ƙofa sai an buɗe ta da yatsa ɗaya. Mama, bismillah."

Mama ta ɗaga hannunta na hagu mai lafiya, ta sa yatsa ta tura. Ƙofar ta tafi sumul kamar ruwa. Rabin fuskar Mama ya yi dariya. Rabon da Auta ta ga wannan dariyar har ta manta.

Kafin ya fita ya rubuta lambarsa a jikin kwalin magani.

"Idan ta sake cijewa, Malama Shiru."

Ƙofar ba ta cije ba. Kwana ya bi kwana tana tafiya lafiya lau. Auta ta haddace lambar, ta ajiye ta a waya da sunan Ƙofa, amma me za ta ce masa? Ta rubuta gaisuwa ta goge, ta sake rubutawa ta goge.

Wata safiya, Baba ya fita, ta ɗauko ƙaramar wuƙar yanka albasa daga kicin. Ta durƙusa, ta sa bakin wuƙar a kan sukurun, ta murza hagu. Ta ja ƙofar. Ƙiii.

Da ta juyo, idon Mama na kanta. Auta ta ɓoye wuƙar a bayanta kamar ƙaramar yarinya. Mama ta lumshe ido, gefen bakinta na motsi.

Ta rubuta masa: "Ina kwana. Ƙofa ta cije."

Amsa ta zo nan take: "Malama Shiru ta yi magana! Ina nan tafe kafin azahar."

Da ya zo ya durƙusa, ya daɗe yana kallon kan sukurun. Ya shafa shi da babban yatsa. Sannan ya murza dama, ya gwada, ya kira Mama ta sa yatsa. Da Baba ya dawo ya miƙa masa ladan aiki, ya ƙi karɓa.

Haka ƙofar ta kama ciwo. Ta warke, ta kwanta, ta warke, ta kwanta. Kuma duk zuwa, Auta kan ƙara kalma ɗaya a kan na baya. Daga "sannu" zuwa "ga ruwa", daga "ga ruwa" zuwa "ka ci abinci kuwa?" A waya kam bakinta ya fi buɗewa.

"Shiruna, yau na gyara tagogin wani otal tun safe, amma ƙofa ɗaya ce a raina."

"Ƙofar ce a ranka ko masu ƙofar?"

"Mama ce a raina. Ke kuma kina can wani wuri da ya fi rai zurfi."

"Ka iya zance."

"Gyara kawai na iya. Zancen a wurinki na koya, da yake kin bar min filin ni kaɗai."

Auta ta rufe fuska da filo tana dariya, Mama na kallonta daga gado.

Wata rana yana tattara kaya ya ce, "Shiruna, na gaji da shigowa gidan nan a matsayin mai gyara. Ina so in yi wa Baba magana. Kin yarda?"

Ta kalli ƙasa. Ta gyaɗa kai.

Abin da ba su sani ba, Baba ya daɗe yana lura. Baba tsohon direban babbar mota ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a hanya, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar bakaniken da zai ɗaure maka nan ya sassauta can don ka dawo gobe. Ya sha kwana a daji saboda irinsu. Yakan ce, "Mai ha'inci a aiki, ko ruwa ya ba ka, duba ƙasan kofin."

Ranar da Mai Gyara ya zo da wankakkiyar riga, babu jaka a kafaɗarsa, a baranda Baba ya tare shi. Auta na cikin ɗakin Mama, raga ce kaɗai tsakaninta da su.

Baba ya bar shi ya gama maganarsa tsaf. Sannan ya nuna ƙofar da sandarsa.

"Yaro, sau nawa ka gyara wannan ƙofar?"

"Da dama, Baba."

"Da dama. Ƙofar da ta yi shekaru kafin ta cije sau ɗaya, daga zuwanka ta koma ciwon sati. Ka ɗauka ban san wannan wasan ba? Ka gyara rabi ka bar rabi, don ka sami hanyar shigo min gida. Matata na kwance, ƙofar nan ce iskarta, da ita ka ga damar yin wasa? Cikin biyu ɗaya ne. Ko ba ka iya aikinka ba, ko kai mayaudari ne. Wanne zan ba wa 'yata?"

Auta ta miƙe. Ta buɗe baki. Maganar ta taso har maƙogwaro ta tsaya, kamar ƙofar da ta sauka a kan layinta. Mama ta fara buga hannun gado da tafinta, tana wani sauti, tana nuna Auta, tana nuna ƙofa.

"Ka gani? Har ka tayar mata da hankali," in ji Baba.

Mai Gyara ya ɗago kai. Ta cikin raga idonsa ya sami na Auta. Ya girgiza mata kai kaɗan, yadda ita kaɗai za ta gani.

"Laifina ne, Baba. Ka yi haƙuri."

Baba ya raka shi har bakin get, sun daɗe a can, Auta ba ta ji abin da suka ce ba. Da ya dawo ya ɗauki waya ya kira ogan shagon, ya faɗa masa irin yaron da yake turawa gidajen mutane.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Auta.

"Shiruna, kada ki faɗa. Tun zuwana na biyu na sani, sukudireba ba ta yi wa sukuru irin wannan tabon. Na sani kuma na ci gaba da zuwa, don haka laifin namu ne mu biyu, ni kuma na fi ki ƙarfin ɗauka. Gara a ce ban iya aiki ba da a ce wani abu a kanki. Ki kula da Mama. Ki riƙa share layin da buroshi, kada ki zuba masa man gyaɗa, ƙura yake tarawa."

Ta rubuta: "Ka yafe ni."

Shiru.

Ta rubuta washegari: "Don Allah ka ce wani abu, ko zagi ne."

Shiru.

Ta kira, wayar ta yi ta ƙara har ta yanke. Daga baya ta ji a bakin yayarta, wadda ke aure a wata unguwa, cewa oga ya sallame shi, kuma maganar ta zaga sauran shagunan, babu mai son ɗaukarsa. Auta ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta. Ta ce a ranta, ya tsane ni, kuma yana da gaskiya. Na cinye masa suna da wuƙar albasa.

Ta daina ci sosai. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa. Tana yi wa Mama wanka, tana juya ta, tana ba ta magani, amma kamar inuwa. Kullum da safe takan share layin ƙofar da tsohon buroshi yadda ya ce, hawaye na ɗiga a kan ƙarfen. Sau da yawa ta je har bakin ɗakin Baba da niyyar faɗa, sai ta ji tarinsa, ƙafarta ta juya da kanta.

Mama ma ta canja. Ta daina yarda a fitar da ita baranda. Idan Baba ya shigo sai ta kama hannun rigarsa, ta nuna ƙofa, ta nuna Auta, ta yi ta ƙoƙarin haɗa kalma.

"Na sani, na sani," Baba kan ce yana shafa kanta. "Na kore shi, ba zai ƙara zuwa ba."

Sai Mama ta juya fuska bango.

Ana cikin haka ɗan aminin Baba ya fara zuwa neman auren Auta. Yayar Auta ce ta sa masa suna Turare, don ƙamshinsa kan riga shi shigowa, ya kuma kwana bayan ya tafi. Ba mugu ba ne. Yana da mota, yana da fara'a, yana kawo wa Mama 'ya'yan itace. Sai dai yakan yi zance shi kaɗai, ya yi dariya shi kaɗai, bai taɓa lura cewa Auta ba ta ce komai ba.

"Yarinyar nan akwai kunya, irin wadda nake so ke nan," yakan ce wa Baba.

Yayarta ta ja ta gefe. "Auta, ki buɗe ido. Mutum ya zo da mota kina tunanin mai buroshin haƙori? Ko atishawar turaren ce ta dame ki? Za ki saba."

Auta ta ce, "To, Yaya."

Watanni suka shuɗe. Ƙofar da ta daɗe lafiya ta fara nauyi da gaske, don ɗaya daga cikin tayoyin ya gaji. Wata rana Turare ya ja ta, ta cije masa, har ta kusa yaga masa hannun riga.

"Baba, wannan ai tarihi ce! Gobe zan turo yara su cire ta gaba ɗaya. A toshe wurin da gilashi, in sa wa Mama na'urar sanyi. Ta huta da ƙura, ta huta da ƙara."

Washegari da hantsi Turare ya zo da mutum biyu, riƙe da guduma da abin awo. Mama na ganinsu ta fara kuka, irin kukan da ba shi da sauti. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta damƙe ƙarfen ƙofar ta ƙi saki.

Baba ya tsaya yana huci. "Duk aikin wancan mayaudarin ne. Ya tafi ya bar mana ciwo. Allah ya isa tsakanina da..."

"Baba, kada ka ƙarasa!"

Kowa ya juyo. Ita kanta Auta ba ta san muryarta na da wannan ƙarfin ba. Amma daga nan maganar ta ƙare mata. Sai ta juya ta shiga kicin, ta dawo da ƙaramar wuƙar albasa.

Ta durƙusa a gaban mahaifinta, a gaban Turare, a gaban baƙi. Ta sa bakin wuƙar a kan sukurun. Bakin wuƙar a lanƙwashe yake, kan sukurun a cinye yake, suka shiga juna daidai kamar an ƙera su tare. Ta murza hagu, ta ja ƙofar, ta ƙi motsi sam. Ta murza dama kaɗan kaɗan, ta koma ɗaya gefen ta murza, ta ja. Ƙofar ta tafi, da ɗan ɗingishi, amma ta tafi. Ta sake murzawa hagu. Ta cije.

Ta ajiye wuƙar a gaban ƙafar Baba, ta sunkuyar da kai.

"Ni ce. Kullum ni ce. Don ya zo."

Mama ta saki ƙofar. Ta buga hannun kekenta sau ɗaya, ta kalli Baba, kallon da ke cewa abin da nake faɗa maka ke nan tun tuni.

Turare ya yi gyaran murya, ya kalli agogonsa, ya ce wa yaransa su tattara kaya. A bakin get ya ce wa Baba, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Bai sake dawowa ba.

Baba ya ɗauki wuƙar ya juya ta a hannu. Ya zauna a kujerar baranda kamar wanda ya yi doguwar tafiya.

"Ya sani?"

"Tun ranar farko."

"Ya sani, ya tsaya a nan na kira shi mayaudari, ya ce laifinsa ne." Baba ya rufe ido. "Auta, kin bari na ci mutuncin ɗan mutane. Na raba shi da abincinsa. Na sa ya rantse min a bakin get cewa in ban da saƙon bankwana ɗaya, ba zai ƙara kiranki ko ya amsa miki ba, ya rantse."

Auta ta ɗago da sauri. Ashe ba tsana ba ce. Alkawari ne ya riƙe. Kukan da ta yi a ranar ya fi na duk watannin baya.

Baba bai yi mata magana ba har kwana biyu. A rana ta uku ya sa hularsa ya ɗauki sanda ya fita. Ya fara zuwa shagon, ya faɗa wa oga gaskiya a gaban duk yaransa, da murya mai ƙarfi kamar yadda ya yi ɓatancin. Daga nan aka kwatanta masa inda yaron yake.

Ya same shi a gefen titi kusa da kasuwa, ƙarƙashin wata tsohuwar lema, yana ɗinke ragar taga a kan teburin katako. Ya rame, ya yi duhu. Yana ganin Baba ya miƙe.

"Yaro, ƙofarmu ta cije."

"Baba, na yi maka alkawari."

"Ni na ɗaura, ni na kwance. Ta nuna min wuƙar." Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. "Shekaruna a hanya ina tsoron mai gyaran da zai cuce ni. Ban taɓa tunanin ni zan cuci mai gyara ba. Ka yafe wa tsoho."

Mai Gyara ya juya baya yana neman wani abu a cikin jakarsa, ya daɗe yana nema, alhali babu abin da ya ɓata.

Da la'asar Auta ta ji sallama daga baranda. Ta cikin raga ta gan shi, kamar ranar farko. Wannan karon ita ta fara magana.

"Ka rame."

"Ke ma. Wa ya ce ki faɗa, Shiruna?"

"Zai yi maka Allah ya isa. Ban iya ji ba."

Ya zauna a bakin ƙofar. Ya ɗaga ta daga layinta, ya jingine, ya cire tsohuwar tayar da ta tsage ya sa sabuwa, ya canja sukurun da wuƙa ta cinye. Ya mayar da ƙofar, ya murza nan, ya murza can, yana duba tsayuwarta. Da ya gama ya ciro wata ƙaramar sukudireba sabuwa mai jan hannu, ya miƙa mata.

"Riƙe. Idan kina son ganina nan gaba, ki yi da kayan aiki. Wuƙa ta albasa ce."

Auta ta yi dariya da kuka a haɗe. Daga ɗaki suka ji Baba na cewa, "Wallahi duk wanda ya sake taɓa min ƙofa, shi da sandata!"

Bayan 'yan watanni aka ɗaura musu aure. Oga ya nemi ya koma shago, ya gode masa, ya ce ya saba da lemarsa, kuma aiki ya fara nemansa da kansa, don Baba ya zama mai yi masa talla a duk inda ya zauna. Suka kama ɗaki a layi na gaba, saboda Auta ta riƙa zuwa wurin Mama kullum.

Ranar da za ta bar gida, ta shiga ɗakin Mama cikin kwalliya ta durƙusa a gaban keken. Angon na tsaye a baranda, raga a rufe tsakaninsu. Baba ya miƙa hannu zai buɗe, Mama ta ture hannunsa.

Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta tura. Ƙofar ta tafi sumul har ƙarshe.

Ta yafito angon ya shigo. Ta kama hannun Auta ta ɗora a kan nasa, ta danne da nata. Bakinta ya yi ta motsi, ya yi ta ƙoƙari, kowa ya yi tsit yana jira. Kalma ɗaya ta fito, a karkace, amma babu wanda bai ji ba.

"Albarka."

"Amin," in ji Baba, yana goge ido da bakin hularsa. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ga jikokinku. Ku tashi ku tafi, kuma ku ja mata ƙofar, sauro na shigowa."